KADA A ƊAURE MUTUM A KAN ZANEN LEƁE KAƊAI

Kowa a cikinmu ya san dangwalen yatsa. Wanda ya je buɗe ajiya a banki ya dangwala, wanda ya je yankar katin ɗan ƙasa ya dangwala, ranar zaɓe ma sai na'ura ta duba yatsan mutum ko fuskarsa kafin a miƙa masa takardar ƙuri'a. Amma ina jin kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin cewa akwai masanan da ke cewa leɓe ma yana da nasa zane, kuma wai da wannan zane ana iya gane ɓarawon da ya sha ruwa da tambulan a gidan da ya fasa, ko wanda ya manna bakinsa a gilashin taga yana leƙe. Ni ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, zanen leɓe abu ne da ya kamata ɗan sanda mai bincike ya kula da shi, amma bai kai matsayin da alƙali zai dogara da shi kaɗai ya tura ɗan wani gidan yari ba. Ga dalilaina.

Da farko dai wanda yake shakkar akwai zanen, to, ya ɗauki madubi ya dubi leɓensa da kyau. Zai ga waɗansu 'yan layuka da tsage-tsage a tattausan wurin nan da ke tsakanin fatar fuska da cikin baki. In ya shafa man kaɗanya ya manna bakin a jikin gilashi, zai ga sawun layukan ya fito. Tun cikin shekara ta 1902 wani Bature masanin halittar ɗan Adam mai suna Fischer ya yi bayaninsu. A 1932 kuma Edmond Locard, mutumin Faransa wanda ya kafa ɗakin binciken kimiyya na 'yan sanda a birnin Lyon tun 1910, ya ba da shawarar a riƙa amfani da su wajen gano masu laifi. Shi wannan Locard shi ne mai koyarwar nan da kowane mai binciken laifi ya haddace, watau duk inda abu biyu suka taɓa juna sai ɗaya ya bar wa ɗaya wata alama. Sai dai shawararsa a kan leɓe ta daɗe a ajiye ba wanda ya bi ta da gwaji sosai.

Waɗanda suka ɗaura ɗamara suka yi aikin su ne likitocin haƙori biyu na ƙasar Japan, Kazuo Suzuki da Yasuo Tsuchihashi. Daga 1968 zuwa 1971 sun ɗauki zanen leɓen mutum 1,364 a birnin Tokiyo, suka ce ba su sami mutum biyu masu zane iri ɗaya ba. Har tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda kamarsu kan rikita baƙo, sun tarar zanensu yana kama da juna ƙwarai amma bai zama ɗaya sak ba. Sun kuma bi waɗansu mutane suna ɗaukar zanensu har shekara uku, suka ce bai sāke ba. Su ne suka kasa layukan gida-gida: akwai waɗanda suka miƙe tsaye daga saman leɓe har ƙasa, da waɗanda suka tsaya a rabin hanya, da masu reshe kamar itace, da masu gicciye juna, da masu kama da saƙar raga, sa'an nan da waɗanda ba su faɗa ko'ina ba. Har yau wannan rabo nasu shi ne aka fi amfani da shi a duniya, har da jami'o'inmu na nan gida, don malaman ilmin sassan jiki na Kano da Zariya ma sun yi rubuce-rubuce a kan irin zanen leɓen da ya fi yawa a tsakanin mutanenmu.

Lalle wannan aiki ne na a yaba. Amma a lura da yadda aka yi shi. Mutum ne zai zo da ƙafarsa, ya zauna a kujera, a goge masa leɓe, a shafa jan-baki daidai wa daida, a ce ya saki bakinsa kada ya motsa, sa'an nan a ɗauki zanen a hankali a kan takarda mai tsabta. In bai fito da kyau ba a sāke. To, wane ɓarawo ne zai yi wa 'yan sanda wannan alheri? Abin da ake samu a inda aka yi ɓarna ɗan guntun sawu ne, rabin leɓen ƙasa a bakin kofi, ya goge ta wannan gefe, ya cakuɗe da maiƙon miya ta wancan. Saboda haka tambaya biyu ce a nan, kuma mutane suna haɗe su su mai da su ɗaya. Ta farko, shin kowane mutum da nasa zanen leɓe? Mai yiwuwa ne haka ne, ko da yake mutum 1,364 ba su isa su tsaya wa mutanen duniya fiye da biliyan takwas shaida ba. Ta biyu, shin mai bincike yana iya duban gurɓataccen sawu ya rantse cewa na wane ne, ba na kowa ba? Wannan ta biyun ita ce take ɗaure mutum, kuma ita ce har yanzu ba a tabbatar ba.

A gwada leɓe da yatsa a gani. Yatsa yana da ƙashi a ciki, fatarsa tana da ƙarfi, layukansa kuwa tudu ne masu 'yan ƙofofin gumi, shi ya sa yake barin sawu bayyananne. Leɓe tsoka ce zalla, ba ƙashi, kuma aikinsa ke nan motsi. Wanda ya tsuke baki zai bar sawu dabam da wanda zai bari in yana murmushi. In ya danna da ƙarfi layukan su baje, in ya taɓa sama-sama rabinsu ba za su fito ba. Gefen tambulan a lanƙwashe yake, gilashin taga a miƙe, bakin kwalba kuwa wani abu ne dabam. Leɓe ba shi da ƙofofin gumi, sawun da yake bari na yawu ne da maiƙo ko jan-baki, kuma kowannensu da yadda yake kwanciya. Mu kuma mutanen Arewa muna da wani ƙarin dalili da ba sai an karanta mana a littafi ba, watau hunturu. Duk wanda ya yi watan Disamba da Janairu a makarantar kwana ya san yadda leɓe yake bushewa ya tsage har ya yi jini, a wayi gari kowa yana neman mai basilin. A ce an ɗauki sawun leɓe a tsakiyar hunturu, ba a kama wanda ake zargi ba sai da damina, da wane leɓen za a gwada? Masu goyon bayan abin sun ce in leɓe ya warke zanensa na asali yana dawowa. Na yarda. Amma sawun da aka bari a kofi ran da leɓen yake a fashe, shi ba zai warke ba.

Kada a ce tsoron banza nake yi, ga abin da ya faru a jihar Illinois ta Amurka. A watan Disamba na 1993 aka harbe wani mutum a garin Elgin. Kusa da wurin 'yan sanda suka tsinci naɗin salatef mai kauri, irin wanda ake ɗaure kaya da shi, da sawun leɓe a jikinsa. Aka kama wani saurayi mai suna Lavelle Davis. A gaban kotu gwamnati ta kawo ma'aikata biyu na ɗakin binciken 'yan sandan jihar, ɗaya aikinta duba zanen yatsa, ɗayan kuma duba takardu da rubutun hannu. Suka shaida cewa sawun nan na Davis ne, aka kuma gaya wa kotu cewa hukumar binciken manyan laifuffuka ta ƙasar, watau FBI, ta yarda da zanen leɓe a matsayin hanyar gane mutum. Lauyan da ke kare shi bai kawo wani masani da zai ƙalubalanci wannan magana ba. A 1997 aka same shi da laifi, aka yanke masa shekara 45. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin.

Sai daga baya, da aka sāke buɗe maganar, masana suka zo suka shaida cewa ba a taɓa tabbatar da wannan hanya a kimiyyance ba. Ita kanta hukumar FBI ta bayyana a rubuce cewa ba ta yi gwajin tabbatar da ingancin zanen leɓe ba, kuma ba ta yin wannan bincike. A 2006 alƙali ya soke hukuncin ya ce a sāke shari'a, a 2009 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar. Daga 1997 zuwa 2009 shekara goma sha biyu ke nan. Yaron da ya shiga aji ɗaya na firamare a shekarar da aka yanke hukuncin, yana shirin fita daga sakandare aka janye ƙarar. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne, ba lalle ba ne a ce waɗannan ma'aikata biyu ƙarya suka shirya. Mai yiwuwa sun dubi hotuna biyu, suka ga kama, suka gaskata idonsu. Hausawa kuwa sun riga sun gama magana tun da daɗewa, kama da wane ba ta wane.

Wani zai ce, ai kuskure ɗaya ba ya rushe ilmi. Zai kuma kawo misalin ƙasar Folan, inda 'yan sanda suka fara lura da abin tun 1966, sa'ad da aka ga sawun leɓe a gilashin tagar wani wuri da aka fasa, daga baya kuma suka yi amfani da shi a shari'o'i da dama. Zai ƙara da cewa zanen yatsa ma da aka fara kawo shi an yi masa dariya. Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Gaskiya ne, sa'ad da Francis Galton ya fitar da littafinsa a kan zanen yatsa a 1892, a shekarar da 'yan sandan Ajantina suka fara kama mai kisan kai da shi, mutane da yawa ba su yarda ba. Sai a 1901 'yan sandan Landan suka buɗe ofishinsa. Amma me ya sa aka yarda da shi daga baya? Saboda an shekara fiye da ɗari ana tara zanen miliyoyin mutane, ana gwada su, ana koyar da ma'aikata, ana jarraba su. Zanen leɓe ba shi da irin wannan taska. Ko an sami sawu mai kyau a kofi, ba wata ma'ajiya da za a je a nemi mai shi, sai dai a gwada da wanda aka riga aka kama. Nan kuwa haɗarin yake, don wanda aka ce masa "ga wanda muke zargi, duba mana ko shi ne", idonsa zai fi ganin inda aka yi kama fiye da inda aka saɓa. Game da Folan kuma, cewa kotu ta karɓi shaida ba shi ne ya nuna shaidar daidai take ba. Kotun Illinois ma ai ta karɓa.

Kai, shi kansa zanen yatsan da duk wannan gata, ya taɓa kunyata masu shi. A watan Maris na 2004 aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a birnin Madrid na ƙasar Sifen, mutum kusan ɗari biyu suka mutu. Aka sami sawun yatsa a jikin wata jakar leda. Na'urar FBI ta zaƙulo sunaye daga cikin miliyoyi, ƙwararrun hukumar har uku suka ce sawun na wani lauya ne a jihar Oregon mai suna Brandon Mayfield, wani masani na waje da kotu ta naɗa shi ma ya ce haka ne. Aka tsare shi mako biyu. Ashe sawun na wani mutumin Aljeriya ne, kamar yadda 'yan sandan Sifen suka gano. Gwamnatin Amurka ta roƙi gafara, a 2006 ta biya shi diyyar dala miliyan 2. To, in babban wa ya yi tuntuɓe haka da rana tsaka, ina ga ƙanen da bai fara tafiya ba? Malamin lissafi ya taɓa nuna mana wani abu mai kama da wannan: in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a sami biyu da aka haifa a rana ɗaya ta shekara ta ɗara rabi. Watau in jama'a ta yi yawa, dacewar kama ba abin mamaki ba ce.

Akwai kuma ɗan'uwan zanen leɓe na kusa, watau sawun haƙori a jikin wanda aka ciza, wanda shi ma likitocin haƙori ne suka kawo shi kotu. A 1992 aka yanke wa wani mai suna Ray Krone hukuncin kisa a jihar Arizona, bisa shaidar cewa haƙoransa sun dace da cizon da aka gani a jikin matar da aka kashe. Sai da ya shekara goma a tsare, a 2002 gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA, ya nuna wani ne dabam ya yi kisan. A 2009 babbar cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto mai nauyi, inda ta ce in ban da gwajin DNA, ba wata hanyar irin waɗannan da aka tabbatar sosai cewa tana iya danganta alama da mutum guda ba tare da shakka ba. Har maganar da ake yaɗawa cewa daga zanen leɓe ana iya gane namiji ne ko mace, a 2021 waɗansu masana sun tattara binciken da aka yi a kai a ƙasashe dabam-dabam suka auna, suka ce hujjar mai rauni ce.

To, a zubar da abin ke nan? A'a. Sawun leɓe a kofi yana gaya wa mai bincike abubuwa. Yana nuna an yi baƙo, an zauna an sha wani abu, watakila wanda ya yi ɓarnar sananne ne a gidan. In akwai jan-baki ana iya auna irinsa. Mafi muhimmanci kuma, inda leɓe ya taɓa yakan bar yawu da ƙwayoyin fata, daga cikinsu kuwa ana iya fitar da DNA, hanyar da Alec Jeffreys ya gano a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Abin sha'awa, karon farko da 'yan sanda suka yi amfani da ita a shari'ar kisa, a 1986, wanke wani yaro ta fara yi, wanda har ya riga ya amsa laifin da bai yi ba, kafin a kama mai laifin na gaskiya. Saboda haka a ganina darajar kofin nan tana cikin yawun da ke jikinsa fiye da zanen. Ɗan sandan da ya sami irin wannan kofi, ya ɗauki hotonsa, ya sa safar hannu, ya adana shi, kada ya bari kowa ya dame shi da yatsu. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017. Da za a tambaye ni inda ya kamata gwamnatocinmu su sa kuɗi, sai in ce a irin wannan, da kuma koya wa 'yan sanda killace wurin da aka yi laifi kafin 'yan kallo su tattake shi.

Abin da ya sa na ga maganar ta shafe mu, dokar shaida ta Nijeriya ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan al'amarin kimiyya, da rubutun hannu, da zanen yatsa. Ƙofa ce mai amfani, amma duk wanda ya sa farar riga ya zo da manyan kalmomi yana iya biyowa ta cikinta. Mu kuwa mutane ne masu girmama mai ilmi, in an ce "likita ya ce" ko "na'ura ta nuna", sai kowa ya yi shiru. Talakan da ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, balle ya ɗauko nasa masanin, wa zai tsaya masa? Ita wannan doka dai, a sashe na 135, ta ce laifi sai an tabbatar da shi yadda ba sauran shakka mai ma'ana. A cikinmu akwai waɗanda za su zama alƙalai da lauyoyi da 'yan sanda da likitoci. Ran da aka kawo wa ɗayanmu sabuwar hanyar gane mai laifi, ta leɓe ce ko ta kunne ko ta tafiya, ina roƙon ya yi wa mai ita tambaya ɗaya: an taɓa jarraba ku da sawun da aka riga aka san mai shi, ba tare da an gaya muku ba, kuma sau nawa kuka yi kuskure a cikin ɗari? In ba shi da amsa, to, abin da ya kawo zato ne, ko da ya zo da shi a cikin jaka mai kyau.

Wannan jarrabawa kuwa ba ta fi ƙarfin ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu ba, ina kuma ba shugabanninta shawara su gwada a zangon karatu mai zuwa. A sami ɗalibai 20 masu son kansu da kansu. Kowa ya shafa jan-baki da auduga tasa dabam, don kada a ɗauki ciwon baki daga juna (samari kada su tsuke fuska, ilmi ake nema). Kowa ya bar sawu ɗaya mai kyau a farar takarda, sa'an nan ya sha ruwa da tambulan yadda ya saba sha, ba tare da ya kula ba. Malami ya sa wa takardu da tambulan lambobi a ɓoye, ya riƙe takardar amsa, ya kuma cire takardun mutum uku ko huɗu ba tare da ya faɗa ba, don a ga ko masu dubawa za su laƙa wa wani sawun da mai shi ba ya cikin jerin. Sai a ba waɗansu ɗalibai dabam madubin ƙara girman abu su haɗa kowane tambulan da takardarsa. A yi sau ɗaya da hunturu, a maimaita da damina da takardun farko, a kawo wa wannan mujalla sakamakon ta buga a fitowa ta gaba.